Tafiya da jariri a mota da zagaya gari da shi: amsa ga wata uwa

Wata 'yar'uwa daga unguwar Gwammaja ta aiko da tambaya. Ɗanta na fari yana da wata huɗu da rabi, nono kawai yake sha, maigidanta kuma ya shirya su tafi Daura a motarsa bayan Sallah domin gaida iyayensa. Kafin nan 'ya'yan yayarsa za su zo hutu daga Kaduna, suna son a zagaya da su su ga gari. Tana son ta san ko yaron ya isa wannan tafiya, da abin da ya kamata ta tanada, da wuraren da ya dace a shiga da shi da waɗanda bai dace ba. Ta ƙara da cewa surukarta ta yi mata waya ta ce lallai a riƙa ɗura masa ruwa a hanya saboda zafi.

'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Na daɗe ina aikin jinyar yara a nan Kano, ni ma kuma na yi goyo huɗu, don haka zan ba ki amsa da abin da na koya a ɗakin marasa lafiya da wanda na koya a kujerar bayan mota. Yaro mai wata huɗu da rabi, idan lafiyarsa ƙalau kuma yana kama nono yadda ya kamata, ya isa tafiyar Daura, har ma zan ce miki yanzu ya fi sauƙin tafiya a kan yadda zai zama idan ya fara rarrafe, domin abincinsa yana jikinki, barcinsa yana da yawa, kuma bai fara kai hannu yana jawo komai zuwa baki ba. Sharaɗin shi ne ku yarda tun daga gida cewa yaron ne zai yanka muku lokacin tashi da lokacin tsayawa, ko da hakan bai yi wa direba daɗi ba.

Zan fara da wurin zamansa a cikin mota, domin a nan ne muka fi sakaci, kuma a nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Al'adarmu ita ce uwa ta shiga gaba kusa da maigida, ta rungume jariri a cinya, a rufe ƙofa a kama hanya. Kowace uwa tana ganin hannunta ya isa ya riƙe ɗanta, amma lissafin bai yarda da ita ba. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo da wani abu ta tsaya nan take, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya gaba da wannan gudun, kuma masana haɗurra suna ƙiyasta cewa ƙarfin da ake bukata a riƙe shi yana kai ninki talatin na nauyinsa. Yaronki a yanzu zai yi kilo 7 ko kusa da haka, wato a wannan daƙiƙar kamar an ce ki riƙe buhun shinkafa huɗu masu kilo 50 ne da hannu biyu. Babu uwar da za ta iya. Na taɓa karɓar wata jaririya da goshinta ya bugi gilashin gaba, alhali motarsu ba ta ma yi karo da komai ba, akuya ce ta gitta direban ya taka burki da ƙarfi. Uwar ba ta ji ko ƙwarzane ba, amma har aka sallame su tana maimaita cewa wallahi ta riƙe ta da kyau, kuma na yarda ta riƙe ta.

Abin da ke magance wannan shi ne kujerar jarirai ta mota, wadda ake ɗaurewa a kujerar baya da bel ɗin motar, yaron yana fuskantar bayan mota. Dalilin juya shi baya shi ne kan jariri yana da nauyi idan aka gwada da sauran jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, don haka idan aka yi karo bayan kujerar ne yake tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari. Kada a sa ta a kujerar gaba, musamman a motar da ke da jakar iskar nan mai fashewa idan an yi karo, domin ƙarfin fashewarta kaɗai ya isa ya halaka jariri. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba. Sabuwar kujera tana da tsada, na sani, amma ana samun ta gwanjo a Sabon Gari, ana kuma iya aro a wurin 'yan'uwa. Idan ta gwanjo ce, ku duba kada robarta ta tsage, ku ja igiyoyinta ku tabbatar maƙullin yana kamawa, sannan ku gwada ɗaure ta a motar tun kwana biyu kafin tafiya, kada sai da asubar ranar maigida ya tsaya yana kokawa da ita kowa yana jira. Idan kin ɗaure yaron, igiyar ta kwanta a kafaɗarsa yadda ba za ki iya tsunkuno ta da yatsu biyu ba, kuma kada ki naɗe shi da shawul mai kauri a ƙarƙashinta.

Idan duk an yi ƙoƙari kujerar ba ta samu ba, ba zan yaudare ki in ce akwai abin da ya maye gurbinta ba, sai dai akwai abin da ya fi wani muni. Ki zauna a baya, ki ɗaura bel a jikinki ke kaɗai, kada ki zagaya shi ya haɗa ku ku biyu domin nauyinki zai danne shi, kuma kada ki shiga mota da goyo a bayanki ki jingina. Wannan na ƙarshen ya shafi adaidaita sahu ma a cikin gari: ki sauke goyon kafin ki shiga.

Sai maganar lokaci. A 'yan shekarun nan Sallah tana faɗowa ne a bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 da tsakar rana. Hanyar Daura ta Dambatta da Kazaure ba ta kai kilomita 150 ba, tafiyar awa biyu ce ko fiye da haka kaɗan idan ba a yi gudu ba, saboda haka idan kuka yi sammako bayan sallar asuba za ku isa kafin rana ta buɗe, kuma yawanci jariri yana komawa barci a wannan lokacin bayan ya sha nonon safe. Tafiyar da aka fara ƙarfe goma sha ɗaya saboda ana jiran a gama guga da ɗaura ɗankwali ita ce take ƙarewa da kukan da ba a san dalilinsa ba. Tafiyar dare kuwa ba na ba da shawararta ko kaɗan, saboda manyan motoci da ramuka da kuma halin tsaro. Maigida ya tuna cewa iyakar gudun da doka ta yarda wa ƙaramar mota a babbar hanya irin wannan kilomita 80 ne a awa, 50 kuma idan an shigo cikin gari, kuma ya kai motar wurin bakanike tun kafin hutun Sallah a duba burki da tayoyi da safaya da ruwan lagireto. Ku ajiye lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra, 122, a wayoyinku.

Ƙa'idar da muke bai wa iyaye ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a cikin kujerar ba tare da an fito da shi ba, domin zaman da yake yi a lanƙwashe yana iya sa haɓarsa ta faɗo kan ƙirji numfashi ya ƙuntata. A tafiyarku Kazaure ce wurin tsayawa, an ci fiye da rabin hanya. A nemi inuwa a gefen masallaci ko gidan mai, ki fito da shi ya miƙe, ki canza masa famfas, ki ba shi nono a zaune a natse. Kada ki ciro shi daga kujera ki shayar da shi mota tana tafiya. Idan ya tsananta kuka kafin a isa Kazaure, a tsaya inda ake, minti goma ba za su hana ku isa Daura ba. Ki zauna kusa da shi a baya yadda za ki riƙa ganin fuskarsa. Idan motar tana da esi a kunna ta daidai wa daida, kada iskar ta riƙa bugunsa kai tsaye, idan kuma babu, a rataya ƙyalle mai haske a gilashin da rana take shigowa, amma kada a lulluɓe kujerar tasa da mayafi ko tawul, domin zafi yana taruwa a ƙarƙashin lulluɓin. Kuma ko da sayen burodi za a shiga, ba a barin jariri a motar da aka kashe aka rufe: zafin cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a cikin minti goma, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba.

Yanzu maganar Hajiya surukarki da ta ce a riƙa ɗura masa ruwa. Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma haka aka goyi yawancinmu, amma yaron da bai cika wata shida ba ba ya bukatar ruwa, ko da a zafin watan Afrilu ne. Nonon uwa da kansa fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, kuma wanda yake fara fitowa a farkon shayarwa ya fi tsinkewa, shi ne yake kashe ƙishirwa. Idan aka ba shi ruwa, cikinsa ɗan ƙarami ne, zai cika da abin da ba abinci ba ya rage tsotso, nononki kuma ya ragu. Ga haɗarin gudawa idan ruwan ko fidar ba su da tsabta, abin da ya fi yawa a kan hanya. Wadda ya kamata ta sha ruwan ke ce: ki ajiye gora kusa da ke, ki sha duk lokacin da kika shayar, shi kuma ki ƙara yawan ba shi nono ko bai nema ba. Za ki gane yana samun isasshe idan yana jiƙa famfas kamar sau shida a yini da dare, fitsarin kuma bai yi ja ba. Shawarata ita ce kada ki yi jayayya da surukarki a kan wannan. Ki fahimtar da maigidanki tun a Kano, shi ya gaya wa mahaifiyarsa cewa umarnin asibiti ne, domin maganar da ɗa zai faɗa a wuce, idan suruka ta faɗe ta sai ta zama abin tunawa har shekara ta zagayo. Haka nan zuma, ba a lasa wa yaro sai ya cika shekara guda. Kuma don Allah kada wata ta ba ki shawarar ɗura masa maganin mura mai sa barci wai don a samu sauƙin hanya. Mun ga yaran da aka kawo numfashinsu ya yi ƙasa saboda wannan dabarar.

Kayan da za ki ɗauka ba su da yawa, inda za ki ajiye su ne abin lura. Da goyona na biyu mun taɓa kama hanyar Zariya, na shirya jaka tsaf amma na bari aka sa ta a but, aka ɗora buhun masara da katan ɗin lemo a kanta. Muna wuce Kura yaron ya ɓata jikinsa har wuya, sai da aka sauke kaya a bakin titi mutane suna kallo kafin na samu ko tsumma. Tun daga ranar ƙaramar jaka a ƙafata take zama, da famfas biyar ko shida, da kayan canji kala biyu na auduga marasa nauyi, da zani ɗaya na shimfiɗawa, da leda ta zuba ƙazanta, da sabulu da gorar ruwan wanke hannu. A babbar jaka ki sa ma'aunin zafin jiki, da farasitamol na jarirai wanda ma'aikacin lafiya ya auna miki gwargwadon nauyinsa, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zink saboda gudawa, da gidan sauronku, kada ki dogara da cewa za ki tarar da shi a can. Katin rigakafinsa ma ya bi ku.

Katin nan shi ne ya kawo mu ga yawon gari. A wata huɗu da rabi ya kamata a ce ya karɓi ta haihuwa, da ta sati 6, da ta sati 10, da ta sati 14. Idan akwai wadda ta wuce shi ki kai shi a cike kafin Sallah, domin a cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar akwai ta mashaƙo, kuma duk wanda yake Kano a 2023 ya ga abin da mashaƙo ya yi wa yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Ta ƙyanda da ta sanƙarau da ta shawara kuwa sai ya cika wata tara, wato yanzu ba shi da su, ga shi ƙyanda da sanƙarau a lokacin zafi da cunkoso suka fi yaɗuwa. Da wannan ma'auni nake so ki auna kowane wuri: akwai inuwa, akwai sarari, akwai inda za ki zauna ki shayar?

Gidan Makama ya cika duka ukun, kuma da shi nake so ku fara, da hantsi. Gini ne na ƙarni na 15 da ake dangantawa da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, katangunsa na ƙasa masu kauri suna riƙe sanyi yadda ginin siminti ba ya yi, yaran Kaduna za su ga kayan yaƙi da tsofaffin ƙofofi da hotunan sarakuna, ke kuma za ki samu soron da za ki zauna. Daga nan ana hango Gidan Rumfa, ba sai an sake shiga mota ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa a 1498, ziyarar minti ashirin ce mai daɗi, yara su ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka da kanwa ya fito kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsu; sai dai ramukan a buɗe suke kuma suna da zurfi, don haka a riƙe hannun ƙanana, ke kuma ki tsaya daga gefe inda warin bai yi ƙarfi ba. Gidan Zoo na Audu Bako yana da bishiyoyi da fili, amma ku je ranar da ba ta Sallah ba, domin a kwanakin Sallah ko babba da ƙyar yake samun wurin sa ƙafa.

Dutsen Dala kuwa ki bar wa maigida da yaran. Babu inuwa a samansa, hawa da sauka da goyo a kan matakala kuma ba shi da wata riba ga yaron da ba zai tuna ya je ba. Kasuwar Kurmi ma haka nake gani: lungunanta matsattsu ne, keken tura jarirai ba ya shiga, ga masu dako da kaya a ka, idan kuwa dole ne sai kin shiga sayen tsaraba, ki bar shi a gida wurin wadda kika amince da ita bayan kin shayar da shi, ki yi sauri ki dawo. Wanda na fi jaddadawa shi ne hawan Sallah. Hawan Daushe abin alfahari ne, har hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, amma ƙarar bindigogin 'yan bindiga da ƙurar dawakai da turereniyar jama'a sun fi ƙarfin kunne da ƙirjin ɗan wata huɗu. Idan an yi hawan, manyan yara su je da kawunsu, su dawo su ba ki labari.

Akwai wani abu game da goyo da ba na gajiya da faɗa wa mata a layin awo. Goyo da zani ya fi kowane keke dacewa da titunanmu, amma idan kika goya shi kika zumbula dogon hijabi mai kauri a kansa, kin sa shi a ɗaki ne marar taga, ga zafin bayanki ga na rana. Sau da yawa uwa takan sauke goyo a gabana in ga gashin yaron ya jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi jajir, wuyansa cike da ƙurajen zafi, ita kuma tana murna wai ya yi barci tun daga gida. Ki fito da kansa waje ta gefen hijabin, ko ki yi amfani da mayafi marar nauyi, ki sa masa 'yar hula mai baki saboda rana, ki kuma riƙa kai hannu kina taɓa ƙeyarsa. Idan ta yi zafi ko ta jiƙe, ki sauke shi a inuwa ki rage masa kaya. Hular ulu da safa da rigar sanyi da ake jibga wa jarirai na hunturu ne, ba su da aiki a bazara.

Idan kun isa Daura, kowa zai so ya ɗauki jikan gida, kuma ba za ki hana ba. Abin da za ki iya shi ne ki ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ki kuma roƙi mai mura ko tari ya dakata, cikin raha. A fitar da kaskon turaren wuta kafin a shigar da shi ɗaki, kada kuma a kunna maganin sauro mai hayaƙi a inda zai kwana. Ya kwanta a rigingine a kan shimfiɗa mai tauri a cikin gidan sauro, ba filo, ba tarin zannuwa. Za a ce ku je rijiyar Kusugu, wadda tarihin baka ya ce a nan Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma ku je, wuri ne da ya cancanci gani. Masu ziyara sukan ɗanɗani ruwanta, wannan na manya ne, kada a ɗiga masa.

Alamomin da za su sa ku bar komai ku nufi asibiti mafi kusa, a Daura kuke ko a kan hanya, su ne ya ƙi kama nono, ko ya riƙa amai da duk abin da ya sha, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙarinsa yana faɗawa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ya kasa farkawa sosai. Idan gudawa ce, ki ci gaba da ba shi nono babu ƙaƙƙautawa, ki dama ƙunshin gishiri da sukari a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce ki riƙa ba shi da cokali, wannan shi ne kaɗai lokacin da muke yarda a ba ɗan ƙasa da wata shida wani abu mai ruwa bayan nono da maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, sannan ki duba maɗigarsa da idanunsa: idan sun faɗa, ko ya yi awa shida bai yi fitsari ba, kada ku ce bari mu koma Kano tukuna. Daura da Kazaure da Dambatta duk suna da babban asibiti, a fara da wanda ya fi kusa, idan akwai bukatar a turo ku Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano, su za su rubuto muku takarda. Ranar dawowa ma ku yi sallama da mutanen gida tun da dare, a loda kaya a mota kafin a kwanta, domin sallamar safe a gidan kakanni ba ta ƙarewa kafin azahar.